Yadda za ki haɗa lemon malta daga dawa a gida da ɗan kuɗi kaɗan

Wata 'yar'uwa daga Tumfure a Gombe, mai sana'ar zoɓo da kunun aya, ta tambaya ko zai yiwu ta haɗa lemon malta irin su Maltina a gida tun daga hatsi, ba da garin kanti ko fileba ba, kuma tace jarinta kaɗan ne bata da kuɗin sayen inji, sannan tana tsoron kar abin ya juye mata ya zama giya bata sani ba.

Toh ƙanwata zai yiwu sosai, kuma in kina yin kunun zaƙi na tsiro to wallahi rabin aikin kin riga kin iya shi. Kayan da ke kicin ɗinki sun isa: babbar tukunya mai cin lita 15 zuwa 20, bokiti biyu, baho, kular abinci irin ta biki wadda take riƙe zafi, ƙyallen tata, buhun algarara ko tsohon zani mai tsafta, faifai da muciya. Abu ɗaya tak zan ce ki cire kuɗi ki saya shine ma'aunin zafi na girki, wanda ake tsomawa a ruwa yana kaiwa digiri 100, masu saida kayan kek suna da shi. Sai ƙaramar kwalbar aidin ta kemis, zan gaya miki amfaninta a gaba. Kar ki bari wani ya ruɗe ki da hotunan tukwanen silba masu famfo da ake gani a intanet, waɗannan na mutanen Amurka da Jamus ne masu dafa sha'ir, ke abin da zai sa naki yayi kyau ko ya lalace abu biyu ne kawai, kyan tsiro da kuma sanin zafin ruwa.

Kuma kar ki raina dawa kice ai na kamfani da wani hatsin turawa ake yi. A 1988 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir ƙasar nan, dole kamfanonin lemon malta da na giya suka koma kan dawar arewa, har irin da cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya ta fitar, kamar gajeriyar kaura da ake kira SK5912, ya zama abin nema wajen masu yin tsiro. Har yau dawa tana cikin abin da suke amfani da shi. Kinga kenan hatsin yana nan a Tudun Hatsi kusa dake.

Wajen saye ne mutane suka fi yin asara tun kafin su fara. Dawar da zaki yi tsiro da ita dole ta zama mai rai, wato ta bana ko wadda aka adana da kyau, ba wadda ƙwari suka huda ba, ba wadda ta sha damshi tana warin rumbu ba. Kaura ko farfara duk suna yi, amma jar dawa mai duhu sosai wani lokaci tana kawo bauri a baki. Kar ki kuskura ki sayi irin shuka wanda aka shafa wa magani, zaki ganshi da kala ja ko ruwan hoda, wannan guba ne ba na ci bane. Kafin ki sayi mai yawa ki karɓi ɗan kaɗan ki ƙirga ƙwaya 100, ki naɗe a jiƙaƙƙen ƙyalle ki ajiye kwana uku kina yayyafa ruwa, in 90 ko fiye suka tsira to ki koma wajen mai hatsin nan ki saya, in kuma 60 ne ko 70 ki canza wani, domin duk ƙwayar da bata tsira ba ruɓewa zata yi a cikin sauran ta jawo miki fumfuna.

Dalilin tsiron kuwa shine ƙwayar hatsi cike take da sitaci, shi kuma sitaci ba shi da zaƙi. In ƙwaya ta sha ruwa ta fara tsira sai ta ƙirƙiro wasu sinadarai da ake kira enzayim, aikinsu su yayyanka sitacin nan ya koma suga don ɗan tsiron ya samu abinci. Mu kuma sai mu tsayar da tsiron ta hanyar shanya tun bai cinye abincin ba, daga baya mu saka enzayim ɗin su yi mana aikin a cikin tukunya. Zaƙin malta na gaskiya daga nan yake fitowa.

Ki fara da kilo biyu da rabi na dawa, ki auna a sikeli tunda mudu ya bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa. Ki wanke ki rege, duk abin da ya taso sama ki zubar. Ki jiƙa kamar awa 8, ki tsiyaye ruwan ki barta ta sha iska awa biyu, ki sake zuba sabon ruwa, haka zaki riƙa yi har kwana ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan tsiyayewar ba wasa bace, ƙwaya tana numfashi, in kika barta a ruwa ɗaya tun safe har gobe zata shaƙe tayi tsami. Da kin ga ɗan farin baki ya fara leƙowa a gindin ƙwayar to ta ƙoshi. Sai ki shimfiɗa jiƙaƙƙen buhu a ɗaki mai inuwa inda kaji da ɓera basa zuwa, ki baza ta kaurin bai wuce yatsu uku ba, ki rufe da wani jiƙaƙƙen buhun. Safe da yamma ki buɗe ki yayyafa ruwa ki juya da hannu a hankali don saiwoyin kar su sarƙe kuma zafi kar ya taru a tsakiya. Ki riƙa tura hannu ciki, in kika ji ɗumi ya fi na jikinki to ki ƙara baza ta. Dawa ta fi son zafi tsakanin digiri 25 zuwa 30, shi yasa a zafin Gombe na watan Maris da Afrilu take gudu da sauri kuma take saurin lalacewa, a tsakiyar hunturu kuma tana nawa sai kin kai ta ɗaki mai ɗumi. Kwana huɗu zuwa biyar ya isa, lokacin zaki ga saiwa fara tas da ɗan tsiro kamar tsawon gaɓar yatsa, ƙamshinta mai daɗi kamar ɗanyen kokwamba, in kika murza ƙwaya ɗaya tsakanin yatsu zata fashe ta zama gari-gari. In kika ga baƙi ko kore ko wani abu kamar auduga a jiki, dan Allah ki zubar duka kar kice zaki tsince, fumfunar hatsi tana iya ɗauke da gubar da take lalata hanta kuma tafasa bata kashe ta.

Shanya a rana, a kan tabarma ko leda mai tsafta, a baza siriri ana juyawa, kwana biyu zuwa uku har sai kin ciza kin ji ƙaras. Kar ki shanya a kan kwanon rufi da tsakar rana, zafin kwano yana iya kashe enzayim ɗin tun tsiron yana da damshi. A damina gaskiya ban cika ba mutum shawara ya fara koyo ba.

Ga wani mataki da nake so ki riƙe da hannu biyu. Bayan ta bushe ki murje ta sosai a cikin buhu ko tsakanin tafin hannu har saiwoyin da tsiron su karkaɗe, ki bakace a faifai ki zubar da su. Ɗanyen tsiron dawa yana da wani sinadari da yake sakin gubar sayanayid, shine dalilin da yasa makiyaya basa barin shanu su faɗa gyauron dawa. Yawancinsa a cikin saiwa da tsiron yake ba a ƙwayar ba, to cire su da kuma doguwar tafasar da zamu yi a gaba su ne kariyarki, kuma cire su yana rage ɗaci. Bayan duk wannan kilo biyu da rabin nan zai dawo kusan kilo biyu, kar ki ɗauka an cuce ki, haka yake. Busasshen tsiro yana ajiyuwa watanni a bokiti mai murfi, don haka zaki iya yin mai yawa lokacin kaka da hatsi yake araha.

In da hali ki yi tsiron alkama kaɗan a gefe, kamar kashi ɗaya cikin biyar na dawar. Enzayim ɗin nan iri biyu ne manya, ɗaya yana tsinka kauri, ɗayan shi yake fitar da suga mai zaƙi, to dawa tana da na farkon amma na biyun kaɗan gareta, alkama kuma tana da shi da yawa. Ɗanyen dankalin Hausa shima yana da shi sosai, iyayenmu da suke markaɗa dankali cikin kunun zaƙi sun san abin da suke yi. In babu alkama manyan dankali biyu sun wadatar.

Kafin niƙa ki ware kamar giram 150 zuwa 200 na busasshen tsiron dawar ki soya a busasshen kasko da wuta kaɗan kina juyawa har yayi ruwan ƙasa mai duhu, ba baƙi ba. Shi zai baki kala da ƙamshin nan na malta. Kar ya wuce kashi ɗaya cikin goma domin wanda aka soya enzayim ɗinsa ya mutu. Sai ki haɗa shi da sauran tsiron, har da na alkama in kin yi, ki kai inji, ki roƙi mai injin ya ɓarza miki kamar tsaki, kar ya maida shi garin tuwo, in yayi laushi da yawa zaki sha wahala wajen tata. Kuma ki tabbata ba a bayan barkono ko daddawa aka zuba naki ba.

Yanzu ranar dahuwa, kuma nan ne dawa take da halinta daban. Sitacin dawa baya nuna sai zafi ya haura wajen digiri 70 zuwa sama, shi kuma enzayim mai kawo zaƙi a wannan zafin mutuwa yake yi, yafi jin daɗin aiki a 60 zuwa 65. Kinga in kika zuba komai a tukunya ɗaya kika ɗora a wuta, kafin sitacin ya nuna mai aikin ya mutu, sai ki tashi da kunu mai kauri ba zaƙi. Masu sha'ir basu da wannan matsalar shi yasa in kika bi bayaninsu na intanet kai tsaye bazai yi miki ba. Maganin abin shine irin dabarar kunun zaƙi, a raba biyu.

Ki zuba garin a bokiti da ruwa lita 6 mai ɗan ɗumi wanda hannu yake jurewa ba tare da wahala ba, ki dama sosai, ki riƙa juyawa lokaci-lokaci na rabin awa, sannan ki barshi ya kwanta kamar rabin awa kuma. Enzayim ɗin yana narkewa ya hau cikin ruwan sama. Ki tsiyaye wannan ruwan a hankali, kamar lita 3, ki ajiye a gefe a rufe, kar wuta ta taɓa shi. In da dankali zaki yi to ki fere ki goga ki zuba a cikin wannan ruwan. Kullun da ya rage a ƙasa ki ƙara masa ruwa lita 2 ki ɗora a wuta kina tuƙawa da muciya ba tsayawa don yana saurin kamu, zai yi kauri kamar talge, ki barshi ya dahu minti 15 zuwa 20. Ki sauke ki riƙa juyawa har ma'auni ya nuna wajen 80, sai ki fara zuba ruwan da kika ajiye kaɗan-kaɗan kina juyawa kina duba ma'auni, burinki gaba ɗaya ya tsaya a 63 zuwa 65. A nan zaki ga abin da yake burge ni har kullum, talgen da muciya take tsayawa a ciki cikin minti biyar zai saki ya tsinke ya zama ruwa a gaban idonki, in kika ɗanɗana bayan ɗan lokaci zaki ji zaƙi ya fara shigowa alhali baki sa ko cokali ɗaya na suga ba.

Ki juye a kula wadda kika riga kika ɗauraye da ruwan zafi, ki rufe, ki barshi awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In babu kula ki naɗe tukunyar da bargo. Bayan nan ki maida tukunya ki ɗaga zafin zuwa 72 ko 75 na minti 20. Sai gwajin aidin: ki ɗebi cokali ɗaya na ruwan kawai ban da tsakin, ki zuba a farin faranti ya huce, ki ɗiga aidin ɗigo ɗaya. In ya koma shuɗi mai duhu ko baƙi to da sauran sitaci, ki ƙara masa lokaci. In ya tsaya ruwan ƙasa ko ja-ja to ya gama. Wanda kika gwada ki zubar, kar ki maida cikin tukunya.

Tata kuma da ƙyallen da kike tace kunun aya ne, ki ɗaura a bakin bokiti ki barshi ya tsiyaye da kansa kar ki matse da ƙarfi. Ruwan farko in ya fito da gari ki sake maida shi ta saman dusar, dusar da kanta tana zama matata. Sannan ki ɗauraye dusar da ruwan zafi lita 4, mai kamar digiri 75, kina zubawa da kofi a hankali don ya wanko sauran zaƙin. Dusar ki ba awaki ko kaji a ranar, in ta kwana tsami take yi.

Ruwan da kika tara ki tafasa shi awa ɗaya cur, tukunya a buɗe, ki riƙa kwashe kumfar sama. A minti goman ƙarshe zaki sa kayan ƙamshi, citta kaɗan da kanumfari ƙwaya uku ko huɗu, kar ki cika hannu ya koma ɗanɗanon zoɓo. Ɗan ɗacin da ake ji can ƙasan na kamfani daga wani fure ne da ake kira hof wanda ba a nomawa a nan, amma masu bincike a jami'o'in ƙasar nan sun gwada shuwaka da namijin goro a madadinsa, ganyen shuwaka biyu ko uku da aka wanke sun isa wannan adadin, in kuma masu sayenki yara ne ki bar shi kawai. In kina son ya ƙara duhu da zaƙi ki narka suga kofi ɗaya a busasshiyar tukunya har yayi duhu, ki sauke, ki zuba ruwan maltan mai zafi a kai kaɗan-kaɗan kina nesa da fuskarki don yana tartsatsi, sai ki juye cikin babbar tukunya. Na kamfani ma suna ƙara suga da kalar ƙonannen suga, ki duba bayan gwangwani zaki gani a rubuce. Daga kilo biyun nan ki sa ran lita 8 ko kusa da haka.

Sai maganar tsoronki, kuma tsoro ne mai kyau. Gaskiya ne har zuwa wannan matakin hanyar malta da ta giya da ta burukutu kusan ɗaya ce, inda suka rabu shine su suna zuba yis ko gindin tsohuwar giya su barshi kwanaki a ɗumi, yis ɗin ya cinye sugan ya maida shi barasa. Abin da kika sauke daga wuta bayan awa ɗaya yana tafasa babu barasa a cikinsa ko kaɗan kuma babu yis mai rai. Amma yis yana yawo a iska da jikin mazubi da hannu, in kika bar ruwa mai zaƙi haka a zafin garin nan zai fara aiki da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamarsa ƙananan kumfa suna tasowa, gora tana kumbura tayi tauri, in an buɗe tace fus, zaƙin ya ragu wani wari mai kaifi ya shigo. Da kin ga haka ki zubar. Malamai suna kawo hadisin nabiz, jiƙon dabino ko zabibi da Annabi (SAW) yake sha amma baya barinsa ya wuce kwana uku, hukuncin dalla-dalla ki tambayi malaminki, ni dai ta ɓangaren sana'a nake gaya miki kar ki bashi wannan damar tun farko. Kar ki kwana da shi a kula irin yadda ake wa kunun zaƙi, duk aikin daga dama gari zuwa ɗurawa a gama shi rana ɗaya. Da kin sauke ki rufe tukunyar ki tsoma gindinta a bahon ruwan sanyi kina canza ruwan har ya huce da wuri, ki bar gurɓin ya kwanta, ki tsiyaye na sama ki ɗura a sababbin goruna ko waɗanda kika wanke da sabulu kika ɗauraye sosai, daga nan sai firiji kai tsaye.

Kuma kar ki ce zaki toshe shi a kwalba ki jera a shago kamar na kamfani. Su suna da injin da yake dafa kwalbar bayan an rufe da kuma iskar gas da suke ɗurawa, naki ba shi da tsamin da yake kare zoɓo, ruwa ne mai zaƙi wanda ƙwayoyin cuta suke so, wasunsu ma basa canza wari balle ki gane. A firiji mai sanyi sosai kwana biyu zuwa uku, in wutar unguwarku bata tsayawa ki daskarar da shi a firiza ko ki yi daidai wanda zaki sayar a ranar da ƙanƙara a kula. Naki bazai yi gas ba kuma ba laifi bane, duk wanda yace ki sa ɗan yis ki rufe don yayi gas to hanyar giya ya nuna miki, ga kuma haɗarin fashewar kwalba. In kina son kumfar sai a sirka da ruwan soda mai sanyi lokacin sha.

Ta fannin kuɗi, abin da zai fi cin jarinki ba dawa bane, itace ko gawayi ne da goruna da ƙanƙara, don haka ki lissafa su tun a tukunyar farko kafin ki yanke farashin gora. Tukunyar farko da ta biyu ki yi su don gida da maƙwabta, ki samu littafi ki rubuta irin dawar, kwana nawa tayi a buhu, zafin da ma'auni ya nuna da kuma abin da aidin ya nuna, saboda in ya fito salam ba zaƙi kusan kullum ɗayan biyu ne, ko tsiron bai kai ba ko kin zuba ruwan enzayim talgen yana da zafi da yawa, littafin ne zai nuna miki wanne. In kasuwa ta buɗe har kina son manna takarda mai suna ki kai shaguna, wannan kuma sai kin bi ta NAFDAC, amma na unguwa da biki da buɗa-baki a azumi ki fara da kilo biyu da rabin nan tukunna. Allah ya sa albarka a sana'ar.